Daga 60 Zuwa 65: Wa Ya Yanka wa Matuƙan Jiragen Sama Shekarun Ritaya?

Ranar 15 ga Maris 1960 wata doka ta fara aiki a Amurka: duk matuƙin jirgin fasinja da ya cika shekara 60 sai ya sauka daga kujera, ko da likita ya shaida lafiyarsa garau take. Wanda ya ji haka zai ɗauka likitoci ne suka zauna suka auna zuciya da ƙwaƙwalwa, suka gano a nan ƙarfin ɗan Adam ke karyewa. Tarihi bai nuna haka ba. A ƙarshen shekarun 1950 ne jirage masu injin jet irin su Boeing 707 suka shigo, kuma bisa tsarin aikin, wanda ya fi daɗewa shi ke da haƙƙin fara hawa sabon jirgi. Kamfanoni ba sa son kashe kuɗin horar da mutumin da ya kusa barin aiki. American Airlines ya tilasta wa 'yan shekara 60 yin ritaya, matuƙan suka kai ƙara gaban masu sasanci, suka yi nasara. Sai shugaban kamfanin, C. R. Smith, ya rubuta wa Elwood Quesada, shugaban farko na hukumar sufurin jiragen sama ta FAA, a Fabrairun 1959. Kafin shekarar ta ƙare doka ta fito. Da Quesada ya bar hukumar a 1961, ya shiga kwamitin daraktocin wannan kamfani. Ko an kyautata masa zato, wannan ba tushe ba ne da za a kira na likitanci.

Wannan ba ya nufin tsoron ba shi da dalili. Ranar 18 ga Yuni 1972 wani jirgin Trident na kamfanin BEA ya tashi daga Heathrow zuwa Brussels, bai yi minti 3 a sama ba ya faɗi kusa da garin Staines, duka mutum 118 da ke ciki suka rasu. Jim kaɗan kafin tashi, kyaftin ɗin ya yi zazzafar cacar baki da wani abokin aiki kan batun yajin aiki. Binciken gawarsa ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun toshe ƙwarai. Gudun jirgin bai kai yadda ake bukata ba aka janye na'urar gaban fikafikai da ke taimaka masa ɗagawa, kuma na kusa da kyaftin ɗin saurayi ne ɗan shekara 22, sabon hannu. Sai dai a lura: shekarar kyaftin ɗin 51. Dokar 60 ba za ta hana shi shiga jirgin ba. Darasin da aka ɗauka shi ne a riƙa naɗar muryoyin ɗakin matuƙa, a kuma horar da mataimaki ya gane lokacin da na kusa da shi ya fita hayyacinsa, ya karɓe tuƙi ba tare da jin nauyin babba ba.

Wannan horon, da gwajin lafiya na kai-da-kai, su ne suka tsare fasinja, kuma shaida ta taru. A Yunin 2009 kyaftin ɗin wani jirgin Continental, ɗan shekara 60, ya rasu a tsakiyar tekun Atlantika tsakanin Brussels da Newark, abokan aikinsa suka saukar da jirgin lafiya. A Oktoban 2015 wani ɗan shekara 57 ya rasu yana tuƙa jirgin American daga Phoenix zuwa Boston, mataimakinsa ya karkata zuwa Syracuse. A Oktoban 2024 haka ta faru da kyaftin ɗin Turkish Airlines mai shekara 59, aka sauka a New York. Ajali bai duba takardar haihuwa ba, kuma a duk ukun babu fasinjan da ya rasa ransa, domin tun asali an gina aikin bisa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ɗaya ɓangaren, dokar ta riƙa korar mutane a lokacin da suka fi gwanancewa. A Fabrairun 1989 ƙofar kaya ta ɓalle daga jirgin United samfurin 747 bayan ya bar Honolulu, mutum 9 suka halaka, amma Kyaftin David Cronin ya komo da shi ƙasa da injuna biyu cikin huɗu. Shekararsa 59, makonni kaɗan suka rage masa ya yi ritaya. A Yulin shekarar Al Haynes, mai shekara 57, ya kai jirgin da na'urorin sarrafa shi suka mutu filin Sioux City, mutum 184 cikin 296 suka tsira. Shi ma a 1991 doka ta sallame shi. Tun 1981 wani kwamiti na cibiyar nazarin tsufa ta Amurka ya ce bai ga hujjar likitanci da ta keɓe shekara 60 ba, ko da yake ya ba da shawarar a bar dokar har a sami ingantacciyar hanyar auna mutum ɗaya-ɗaya. Sai a Nuwamban 2006 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta yarda kyaftin ya kai 65 muddin abokin tuƙinsa bai kai 60 ba. Amurka ta bi sahu a Disamban 2007, aka kuma cire sharaɗin shekarun abokin tuƙin a 2014. Mizanin ICAO ɗin nan shi ke kan jirgin da ke kwasar alhazai daga Kano zuwa Jidda.

Yanzu ana jayayya kan 67. Japan ta koma can tun 2015. Majalisar Wakilan Amurka ta amince a 2023, amma kwamitin Majalisar Dattawa ya ƙi da ƙuri'a 14 da 13 a Fabrairun 2024. Masu adawa, ciki har da babbar ƙungiyar matuƙa ta ALPA, suna da hujjoji biyu da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa da shekaru, kuma raguwar kaifin tunani ba ta fitowa a gwajin zuciya. Gaskiya ne. Amma maganinsa tsaurara gwajin da ake yi wa manyan matuƙa duk wata 6, da jarraba su cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, inda jinkirin yanke shawara ba ya ɓuya. Ta biyu, sun ce bayanai kan waɗanda suka haura 65 ba su da yawa. Wannan hujja tana cin kanta, tunda dokar ce ta hana a tara su, kuma ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya da ba su sa iyaka a cikin gida ba suna da abin da za a duba. Akwai ta uku da ba a cika furtawa ba: kowace shekarar da babba ya ƙara tana jinkirta ƙarin girman na ƙasa da shi. ALPA da kanta ta yaƙi dokar 60 da farko, ta koma goyon bayanta a 1980. Wannan batun albashi ne, halattacce kuwa, amma a kira shi da sunansa, kada a lulluɓe shi da rigar tsaron rayuka.

A ganina a ɗaga zuwa 67 ta hannun ICAO, da gwaji mai tsauri, a kuma riƙa bayyana sakamakon. Abin da ya cancanci fasinja ya tayar da jijiyar wuya a kai shi ne shirin da wasu masu ƙera jirage ke nazari na barin matuƙi ɗaya tak a kujera yayin doguwar tafiya. Wannan kam kada a yarda da shi.