Wake da matan Nijar: daga gamana zuwa asusu

Kakanninmu na Maraɗi da Damagaram ba su ɗauki wake abin neman kuɗi ba. Gyaɗa ce ke da sarauta tun zamanin Faransa, har gwamnatin Diori Hamani ta kafa mata kamfanin SONARA a 1962. Wake kuwa sai a jefa shi tsakanin hatsi, ko a gamanar mace, wato ɗan filin da maigida ke yanka mata a gefen gandu. A ci ƙwaya, a ba dabbobi harawa.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, cutar da ta faɗa mata a 1975 ta ƙarasa ta. Nan manoma suka koma ga wake, motoci suka riƙa ɗibarsa zuwa Kano. Amma ribar ba ta kwana hannun mai noma ba. Ƙwaro kan huda wake cikin ƴan watanni, don haka mace ke sayar da tiyoyinta da kaka, lokacin da ya fi araha, ɗan kasuwa ya ajiye har bazara ya ci moriya.

Abin da ya fara sauya wannan lissafi akwati ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashin da iyayenmu suka daɗe da sani: zubi kowane mako, rance ga mai bukata, rabo a ƙarshen zango. Mai rancen asusu ba ta da dolen sayar da wakenta da kaka. Daga 2007 kuma buhun PICS mai riɓi uku ya shigo, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba.

Sarrafawa kuwa ba wanda ya koya musu. Ƙosai da ɗanwake da alala tsofaffi ne, matan Dogon Dutsi sun san beruwa tun kaka da kakanni. Abin da ƙungiya ta ƙara shi ne injin niƙa, da leda mai suna, da rumfa a baje-kolin Yamai.

Sai dai a kudancin Maraɗi, inda jama'a suka yi yawa, gonaki suka tsuke, gamanar mace ce maigida ke fara karɓewa. Shi ya sa yau muke iske mata da dama suna sarrafa waken da a kasuwa suka auno shi.