Jakara da Jirgin Ruwa

Wanda ya tsaya yau a bakin Kasuwar Kurmi da wuya ya yarda an taɓa yin ruwa mai faɗi a wurin. Amma littafin tarihin sarakunan Kano ya ce tun zamanin maguzawa akwai wani kurmi a nan, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa, watau Jakara. Tsoronsa suke yi, ba mai sarar itace a ciki. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa.

A shekarar 1824 wani Bature mai suna Kilafatan ya shigo Kano. Ya tarar fadamar ta kusa raba birni biyu, agwagi na iyo a ciki, kasuwa kuwa na ci bisa wani ɗan tudu wanda ruwa kan shafe da damina. Duk da haka Jakara ba ta zama hanyar jirage ba. Ruwanta ba zurfi, da rani kuma sai ta tsinke ta bar kududdufai. Arzikin Kano bisa jaki da raƙumi da takarkari ya shigo.

Amma fa Bakano ya san jirgi, don fatauci ya tilasta masa. Ayarin da ya nufi Gwanja sayen goro dole ya ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Busa. A nan madugu, kome yawan dukiyarsa, sai ya bi maganar masu fito. Su ke faɗin kuɗin fito, su ke faɗin yawan kayan da komi zai ɗauka, in kuwa sun ce ruwa bai ba da hanya ba, ayari ya kwana a gaɓa. Komin nan daga gungumen itace guda ake fafe shi, a tuƙa da filafili, inda ba zurfi a tura da gora. Sana'a ce ta gado. Yaro tun yana ƙarami yake koyon inda dutse ya ɓuya da inda ruwa ke juyi. A Busa kogin kan matse tsakanin duwatsu, ya yi ta tumfayi yana ruri, kuma a nan ne Mungo Fak ya halaka da jirginsa a 1806. Duwatsun nan yanzu suna ƙarƙashin tafkin Kainji, tun da aka gama madatsar a 1968.

Abin mamaki, madatsun ruwa su ne suka kawo jirgi ƙasar Kano. Gwamna Audu Bako ya sa aka shiga tare koguna, aka gama Tiga a 1974. A 1976 aka datse Jakara kanta a Wasai, cikin ƙasar Minjibir. Ruwan da ya fito birni ba ya iya ɗaukar komi, sai ga shi ya zama tafki, masunta na jefa birgi daga cikin kwale-kwale, ko da yake yana ɗauke da daudar gari da ta masana'antun Bompai. Cikin birni kuwa daga baya an gina wa Jakara magudana ta siminti.

Tafki dai an samu cikin 'yan shekaru, amma dokar masu fito ba ta biyo shi da wannan sauri ba. Ƙauyukan da dā ake zuwa da ƙafa ruwa ya raba su, manomi ya koma matuƙi. Ran 30 ga Nuwamba 2021, wani kwale-kwale ya tashi daga Badau zai ƙetare madatsar Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan makarantar Islamiyya ne za su Mauludi. An ɗora masa fiye da kima, ya kife kafin ya kai gaɓa. Gawa 29 aka tsamo, akasarinsu yara ƙanana.