Bargunan Gee's Bend: Tarihin ɗinkin tsummoki da gwagwarmayar baƙar fata a Alabama

Gee's Bend ƙauye ne a ƙaramar hukumar Wilcox ta jihar Alabama, a kudancin Amurka. Sunansa a hukumance Boykin, kuma mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, kusan dukkansu baƙar fata. Kogin Alabama ya yi lanƙwasa ya kewaye shi ta fuskoki uku, hanya ɗaya ce kawai take shiga cikinsa ta tudu. Matan wannan ƙauye sun shahara a duniya saboda bargunan da suke ɗinkawa da ƙyallayen tsofaffin tufafi, waɗanda a yau suke rataye a manyan gidajen adana zane-zane. Siffar bargunan da launinsu sun samo asali ne daga bauta da talauci da wariyar da ƙauyen ya sha, don haka tarihin sana'ar ba ya rabuwa da tarihin siyasar wurin.

Yadda ake ɗinka bargon

Irin wannan bargo hawa uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye masu launi daban-daban. Akwai auduga da ake shimfiɗawa a tsakiya domin ɗumi, sannan akwai shafi a ƙasa. Idan an jera hawa ukun, sai a bi su da allura da zare layi-layi, yadda audugar ba za ta tattaru wuri ɗaya ba. Wanda ya taɓa ganin lifidin dawakin sarakuna a hawan sallah ya san dabarar, domin shi ma yadi ne biyu da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki.

A Amurka da Ingila mutane da yawa suna wannan ɗinki ne don sha'awa. Suna sayen sabon yadi, su yanka shi bisa awo, su bi tsarin da aka buga a littafi. Matan Gee's Bend kuwa sanyi ne ya sa su ɗinki. Gidajensu na katako ne masu ɓaraka, babu abin ɗumama ɗaki sai murhu, har sukan manna takardun jarida a bango domin tare iska. A lokacin hunturu akan lulluɓa yara da barguna da yawa a kan gado ɗaya. Mace takan haɗa fuskar bargonta ita kaɗai, sannan maƙwabta su taru su taya ta ɗinke hawa ukun, suna waƙoƙin coci.

Daga gonar bayi zuwa mallakar ƙasa

A shekarar 1816 wani Bature mai suna Joseph Gee ya kafa gonar auduga a wurin, yana noma ta da bayi. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso da bayi kimanin 100 daga jihar North Carolina, akasarinsu a ƙafa. Wannan ne dalilin da ya sa har yau iyalai da dama a ƙauyen suke amsa sunan Pettway, sunan mutumin da ya mallaki kakanninsu.

Bayan an haramta bauta a 1865, yawancin 'yantattun bayin sun ci gaba da zama a gonar suna haya. Sukan karɓi iri da abinci bashi daga 'yan kasuwar Camden, hedikwatar ƙaramar hukumar da ke tsallaken kogi, su biya da kaka. Da farashin auduga ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, bashin ya gagara biya. A 1932 magadan wani ɗan kasuwa da ya rasu suka aiko aka kwashe dabbobi da kayan noma da abincin iyalai masu yawa. Agajin ƙungiyar Red Cross ne ya fitar da mutane daga hunturun wannan shekara.

A 1937 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta sayi filayen, ta gina gidaje, daga baya ta sayar wa iyalan gonakin a kan bashi mai sauƙi. Wannan mallaka ta riƙe mutane da dama a ƙauyen a lokacin da miliyoyin baƙar fata suke ƙaura zuwa biranen arewa, kuma ta ba sana'ar damar wucewa daga uwa zuwa 'ya ba tare da yankewa ba.

Launi da tsari

Abin da ke hannu shi ne yake yanke launin bargo. Tsofaffin bargunan an yi su ne da kayan aikin gona: wandunan jins, rigunan maza, buhunan gari da na taki. Wandon da rana da wanki suka koɗar yakan ba da shuɗi kala-kala. Gwiwa takan yi fari-fari, inda aka ɓalle aljihu kuma sai a tarar da shuɗi mai duhu wanda rana ba ta taɓa ba. Matan sukan jera waɗannan bambance-bambance da gangan. A 1942 Missouri Pettway ta ɗinka bargo da tufafin aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, kuma yana cikin bargunan ƙauyen da aka fi sani.

Akwai tsare-tsare da suka gada. Mafi shahara shi ne wanda sunansa yake nufin rufin gida, inda ake fara da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, a yi ta kewaye shi da dogayen ƙyallaye har bargo ya cika. Wani kuma yana kama da jerin tubali. Sai dai ba sa bin awo sau da ƙafa. Layi yakan karkace, wani ɓangare ya fi wani faɗi, a tsakiyar shuɗi a jefa ja guda ɗaya. A wurinsu abin yabo shi ne kowace mace ta fito da salonta, a gane hannunta daga nesa. Wasu masana, irin su Robert Farris Thompson, sun danganta jera dogayen ƙyallaye da saƙar Afirka ta Yamma, inda ake saƙa siraran ƙyallaye a haɗa su a ɗinke. Wasu masanan kuma suna ganin ƙarancin yadi ya isa ya bayyana salon.

Jirgin fito da ƙuri'a

Hanya mafi kusa zuwa Camden ita ce jirgin fito. A can kotu take, a can kuma ake rajistar masu zaɓe. A farkon shekarun 1960 baƙar fata su ne mafi rinjaye a Wilcox, amma babu ko ɗayansu a kundin masu jefa ƙuri'a. Da mutanen Gee's Bend suka fara tsallakawa domin neman rajista, sai hukumomi suka dakatar da jirgin a 1962. Tafiyar da take ɗaukar mintuna kaɗan ta koma zagaye na kusan awa ɗaya a mota, ga mutanen da akasarinsu ba su da mota.

A Fabrairun 1965 Martin Luther King ya je ƙauyen ya yi jawabi a coci, kuma mazauna da dama sun shiga zanga-zangar neman 'yancin zaɓe. A watan Agusta na wannan shekara aka sa hannu a kan dokar da ta kare wannan 'yanci. Da aka kashe King a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja amalanken da ya ɗauki akwatin gawarsa a birnin Atlanta. Jirgin fiton bai dawo aiki ba sai a 2006, bayan shekara 44.

Baƙar fata da yawa a yankin sun rasa aiki ko gonar haya saboda sun yi rajista. Domin samar musu da kuɗin shiga, a 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Quilting Bee a kusa da ƙauyen, da taimakon wani limamin coci, Francis Walter, kuma Estelle Witherspoon ta jagorance ta shekaru da yawa. A 1972 ƙungiyar ta samu kwangilar ɗinka rigunan matashin kai ga kamfanin Sears, da wani yadi mai kauri da ake kira kodiroi. Ragowar yadin da matan suka riƙa kai wa gida ya shigo da sababbin launuka cikin bargunansu: ruwan ɗorawa, ruwan goro, kore, ja da ruwan ƙasa.

Shahara da batun haƙƙi

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young a cikin wani littafi, ya nemo ta, sannan ya sayi ɗaruruwan barguna a ƙauyen. A 2002 aka baje kolinsu a birnin Houston, daga nan aka kai su gidan zane-zane na Whitney a New York. Masu sharhi suka riƙa kwatanta su da ayyukan manyan masu zanen Turai, irin su Henri Matisse da Paul Klee. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki guda 10 masu ɗauke da hotunan bargunan.

Shaharar ta zo da tambayar wanda yake cin riba. An buga siffofin bargunan a kan darduma da kayan gida ana sayarwa, alhali Wilcox tana cikin yankuna mafi talauci a Amurka. A 2007 wasu daga cikin matan, ciki har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka shigar da ƙara a kan iyalin Arnett, suna cewa ba a biya su yadda ya kamata ba. Iyalin sun musanta zargin, kuma an rufe shari'ar a 2008.

Tun 2003 matan suke da ƙungiyarsu ta sayar da barguna. A 2015 gwamnatin Amurka ta ba Mary Lee Bendolph da Loretta Pettway da Lucy Mingo babbar lambar yabo ta masu sana'o'in gargajiya. Daga 2021 wasunsu suka buɗe shaguna a dandalin Etsy, inda suke sa farashi da kansu, kowane bargo kuma yana ɗauke da sunan matar da ta ɗinka shi.