A Gidan Wa Ka Sauka?

Idan baƙo ya shigo gari a ƙasar Hausa, ba a fara tambayarsa abin da ke cikin jakarsa. Bayan "sannu da zuwa" da "ya hanya", abin da ke biyowa shi ne: a gidan wa ka sauka? Tambaya ce ta ladabi, amma da bincike a cikinta. Wanda ya ambaci sunan gida ya nuna akwai mai tsaya masa. Wanda ya ce a tasha ya kwana, za a ba shi ruwa da tabarma, amma za a sa masa ido har mai unguwa ya ji labarinsa. Kusan duk kalmomin da Hausa ta tanada game da tafiya da zama a ƙasar wasu a kan wannan tambaya suke tsaye, kuma ina ganin matashin Kiru ko Doguwa da ke haramar fita waje yau zai ƙaru da su fiye da yadda zai ƙaru da zaƙin bakin ejan.

A fara da sauka ɗin kanta. Fatake ne suka ba kalmar nauyinta: mutum ya sauka daga kan dabba, ya sauke kaya, daga nan aka sami masauki da mai masauki. Inda ayari duka ke sauka kuwa shi ne zango. Zango wuri ne, kuma ma'aunin tafiya ne, domin dattawa kan ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne, wato kwana uku a hanya. Har yau muna cewa zangon karatu, ko gwamna ya shiga zango na biyu, duk dai abu ne mai iyaka wanda za a tashi daga gare shi. Sai ga shi wannan kalma ta wucewa ita ce ta zama sunan zama na dindindin. Zangon Daura gari ne, Zangon Kataf gari ne. A Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano, zango unguwa ce da aka haifi kakanni a cikinta, da masallacinta da makarantun allonta da sarkin zangonta. A Gana ma har gwamnati ta kafa ma'aikata mai ɗauke da sunan zango a 2017, don raya waɗannan unguwanni. Waɗanda suka yada zangon farko da niyyar tashi suka yada shi, kasuwa da aure da haihuwa suka riƙe su.

Mutanen kudancin Kano ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Bebeji na kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Zariya, kuma Baturen nan Clapperton da ya ratsa ta a 1826 ya rubuta cewa babban gari ne mai yawan jama'a. A cikin masu fataucin goro zuwa Gwanja akwai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Su Agalawa da kansu baƙi ne tun farko: daga arewa suka gangaro, daga cikin Bugajen ƙasar Azbin, suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano har suka zama Kanawa, ba abin da ya rage na baƙuncinsu sai sunan. A gidan Agalawa aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, aka bar shi a hannun wata tsohuwa da ake kira Tata, kuma sunanta ne ya bi shi har ya zama sunan zuriya guda. Da ya tasa ya bi hanyar Gwanja ya isa Ankara, ba wurin da bai san kowa ba ya nufa. Akwai uwa, akwai Hausawan zango, akwai harshen da ake ciniki da shi. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne yadda jikan baƙi ya fita baƙunci a kan hanyar da wasu suka riga suka share masa.

Sharar hanyar nan aiki ne mai sarauta. Ayari na da madugu, amma yana da jagaba, wanda ke yin gaba ya nemo inda za a kwana, ya gana da sarkin gari, a daidaita abin da za a biya kafin jakuna su iso. Wato shirin sauka ba a barinsa sai an isa. A can ƙarshen tafiya kuma akwai fatoma, wanda a kurmi aka fi kira maigida. Kalmar maigida tana ruɗar wanda bai san fatauci ba, don zai zaci mai ɗakin haya ake nufi. Aikinsa ya wuce haka nesa. Shi ke ba baƙo ɗaki da tuwo, shi ke ajiye masa kaya da kuɗi, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke yi masa tafinta. Mafi girma duka, idan aka sayar da shanun baƙo bashi kuma mai saye ya ƙi biya, maigida ne ke biya daga aljihunsa. Ladansa na fitowa daga la'ada, jarinsa kuwa sunansa ne, domin baƙo ɗaya da aka cuta ya isa ya kai labari har Kano, ayarin baɗi ya sauka a wani gidan. A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka keɓe a 1916, cinikin shanu da goro duka a kan wannan amana ya tsaya, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma maigida shi ne baƙon jiya da ya zama ɗan garin baƙon yau.

Turawa sun zo da nasu sunayen, ko in ce sun ari kalmominmu sun ɗora musu wata manufa. Sabon Garin Kano, wanda aka kafa a 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, an yi shi ne don mutanen kudu da sauran waɗanda ba a so su zauna cikin ganuwa. A Zariya da Kaduna da wasu garuruwa kuma aka ware Tudun Wada don 'yan arewa da ba 'yan asalin garin ba. Zango ya tsiro ne daga buƙatar baƙo da yardar mai gari, su kuwa waɗannan an shata su ne don a raba jama'a kashi-kashi. Sunan Tudun Wada dai fata ne, tudun da ake sa ran wadata a kansa, irin sunan da masu sabon zama ke so, shi ya sa ya yi yawa har tamu ta kudancin Kano sai an ce Tudun Wadar Ɗankadai kafin a gane wadda ake nufi.

Shi kansa matafiyin ba suna ɗaya gare shi ba, kuma bambancin yana da amfani ga mai shiri. Ɗan cin rani ya san ranar komawarsa: ya kai amfanin gona rumbu, ya hau mota a Kwanar Dangora, da hadarin farko ya dawo. Guzurinsa kaɗan ne don bai rufe gida ba. Wanda ya yi kaka-gida kuwa ya zauna ke nan. A bakin Sakkwatawa da wasunsu "ƙaƙa" na nufin "yaya", don haka a kunnena sunan yana ɗauke da hoton mutumin da abin da ya rage tsakaninsa da garinsu shi ne ya tare sabon zuwa ya ce masa, ƙaƙa gida? Matsalar da na fi gani a yau ita ce mutum ya fita da shirin ɗan cin rani alhali tafiyar kaka-gida ce a gabansa. Ya bar mata ba tare da an yi magana a kan shekarun da za ta jira ba, ya bar gona ba a san ko aro ce ko jingina ba, ya tafi da kuɗin mota kawai.

Akwai kuma hijira, wadda ta fi su duka nauyi. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Mutanen Sudan sun haɗa Hausa da Fulani da Barebari duka sun kira su Fallata. A Hijaz kuma sunan da aka san mutanenmu da shi tun da daɗewa shi ne Takruni, daga Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal wadda Larabawa suka yafa sunanta a kan dukan ƙasashen baƙar fata Musulmi na yamma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa wannan suna a kan littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri, a matsayin sunan ƙasarmu. Daga nan muka sami takari. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kalmar ta zube. Sunan da malamai ke rubutawa da alfahari yau a bakin mutanen Kano ya koma nufin wanda ya je Umara ya maƙale, yana ɓuya daga askar, yana jiran ranar da za a kama shi a kai shi tarhil a sako shi a jirgi. Mutanen ba su canja ba, haƙurinsu da neman halalinsu na nan. Takarda ce ta shigo tsakani.

Hausawan zango sun ɗanɗani wannan tun kafin na Jidda. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zangon Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka wayi gari ana ce musu baƙi. Sarkin zango bai iya tsaya musu ba, maigida shi ma yana ɗaure nasa kayan. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana kimanin miliyan guda suka fita, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta sami sunan da muke kiranta da shi a kasuwa har gobe. Tun daga lokacin ya kamata kowa ya gane cewa sunan mai masauki shi kaɗai ya daina wadatarwa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, amma shiga daban, izinin zama daban, kuma da yawa daga cikin masu tafiya ba sa rarrabe su. Haka fasfo daban, biza daban, igama, wato takardar izinin zama, daban. Bizar Umara ba ta halatta aiki. Katin rigakafin shawara, wanda ake raina shi, yana iya tsayar da mutum a kan iyaka.

Sababbin kalmomi biyu da suka maye gurbin jagaba da maigida su ne ejan da kafili, kuma a nan ne nake so a tsaya a duba da kyau, domin kamannin na yaudara. Ejan yana yin gaba kamar jagaba, amma jagaba yana cikin ayarin, abin da ya ci fatake shi ma ya ci shi. Ejan kuwa ya karɓi kuɗinsa tun a gida, kuma ba lalle a sake ganinsa ba. Kafili a Larabci mai lamuni ne, wanda ya ɗauki nauyin wani, ma'anar da ta yi daidai da maigidanmu na da. Amma a tsarin kafala na ƙasashen Larabawa, izinin zaman ma'aikaci a ɗaure yake da sunan kafilinsa. Baƙon fatoma in bai ji daɗi ba yana iya kwashe kayansa ya koma gidan maƙwabci, wannan 'yanci ne ke sa fatoma ya riƙe amana. Wanda ke ƙarƙashin kafili in ya fita ba izini ana iya rubuta shi a matsayin wanda ya gudu, daga ranar ya zama abin nema. Saudiyya ta sassauta dokar a 2021, ta ba wasu ma'aikata damar sauya wurin aiki, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, su ne kuwa mafi yawan matanmu da ke tafiya aikatau.

Saboda haka idan ɗa ko ƙanwa ta zo da maganar tafiya, tambayoyin da iyaye za su yi ba sababbi ba ne, na fatake ne aka ƙara musu takarda. Wane ne zai tarbe ta, kuma wa ya san shi a nan gida wanda za a iya kamawa idan magana ta tashi? Akwai sarkin Hausawa ko wata ƙungiyar 'yan gida a garin, an sami lambarsu? Ina ofishin jakadancin Najeriya mafi kusa? Wace irin biza ce a cikin fasfon, ta ziyara ko ta aiki, kuma a hannun wa fasfon zai zauna bayan an isa? A ɗauki hotonsa a bar kwafi a gida. A yi maganar gona da iyali a gaban shaidu kafin a tashi. Takardar yarjejeniyar aiki kuma, wadda sau da yawa da Larabci take zuwa, kada a sa mata hannu a filin jirgi cikin gaggawa. A karɓe ta tun da sauran kwanaki, a kai wa wanda zai karanta ta layi-layi ya faɗi albashi nawa ne, shekara nawa ne, wa zai biya kuɗin jirgin dawowa. Malamin da zai iya wannan karatu ba ya wuyar samu a Bebeji ko Tudun Wada.