Dokin da Ya Warke Amma Bai Rabu da Cuta Ba

A shekarar 1843 aka fara rubuta labarin wata cuta a Faransa, wadda ke kama doki da zazzaɓi, ta tsotse masa jini har dasashinsa ya yi fari fat, ƙafafu da ƙasan ciki su kumbura. An shekara sittin ana lalube cikin duhu. Sai a 1904 masana biyu, Vallée da Carré, suka tabbatar cewa wata ƙwayar cuta ce da ke yawo cikin jini.

Sanin sanadin bai kawo sauƙi ba, domin haɗarin yana jikin dokin da ya tashi daga ciwon. Ya murmure, ya ci harawa, gashinsa ya yi sheƙi, amma yana ɗauke da cutar har ƙarshen ransa. Bobuwa ta cije shi, ya kaɗa wutsiya ya kore ta, ta sauka kan na turken kusa da jinin a bakinta. Allura ɗaya da aka zagaya barga da ita ma haka take yi, kuma wannan laifinmu ne mu mutane. Har yau babu magani.

A 1970 Dokta Leroy Coggins na Jami'ar Cornell a Amurka ya fito da gwajin jinin da ke tona asirin irin wannan doki. Daga nan dokar killacewa ta sami gindin zama a can: babu tsallaka iyaka ko shiga taron dawakai sai da takardar gwaji. Wanda aka samu da cutar, ko a kashe shi, ko a ware shi har abada, aƙalla yadi 200 daga sauran, don bobuwar da aka kora ba ta yin nisa.

Mu nan Kazaure, Roni da Gwiwa, dawakan hakimai kan haɗu wuri guda duk hawan sallah. Babura na bakin iyaka da Nijar, kasuwar Maigatari kuma na ci kowace Alhamis. Murar da ta kashe jakuna a Sakkwato daga ƙarshen 2018 ta nuna saurin yaɗuwar cuta ta hanyoyin fatauci.

Don Allah, masu barga, ku ɗaure sabon doki nesa da sauran har likitan dabbobi ya ɗebi jininsa, kuma kowane doki da sabuwar allurarsa.