Asalin Addu'ar Kwanciya Barci a Cikin Ikilisiya

Bahaushe ya kira barci ƙanin mutuwa, ya kuma kira shi ɓarawo. Sufayen Kirista na farko da suka shiga hamadar Masar a ƙarni na 3 da na 4, sunan nan na biyu suka riƙe. A ganinsu duk sa'ar da ido ya rufe, an sace ta ne daga lokacin Allah. Antoni, wanda ya rasu a 356, yakan kwana yana addu'a har gari ya waye. Almajiran Pakomiyus a bakin Kogin Nilu ko miƙewa ba sa yi, a kan kujera mai jingina suke ɗan runtsawa. A Kustantiniya ma, cikin ƙarni na 5, an yi wasu da ake ce wa "marasa barci", suna karɓa-karɓa don kada yabon Allah ya yanke dare da rana.

Ƙauna ce ta sa su haka, ba na tantama. Sai dai wanda ya halicci rana, shi ya shimfiɗa dare.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya a wannan labari shi ne Agustin, ɗan Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda aka haifa a 354. Wajen 397 ya fara littafin da ya tona asirin kansa a gaban Allah, kuma tun daga shafin farko abin da ya dame shi ke nan: zuciyar ɗan Adam ba ta da wurin sauka sai wurin Mahaliccinta. Ya san rashin natsuwa ciki da bai. A 387 mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya, suna kan hanyar komawa Afirka. Aka binne ta bai zubar da hawaye ba, baƙin ciki ya toshe masa ƙirji. Ya je gidan wanka ko zai ji sauƙi, ya fito yadda ya shiga. Sai ya kwanta, barci ya ɗauke shi. Da ya farka ya tarar nauyin ya ragu ƙwarai, ya tuna waƙar maraice ta Bishop Ambros na Milan, wanda ya yi masa baftisma, waƙar da ke gode wa Allah saboda hutun dare. A nan ne hawayen suka samu hanya. Ɓarawon nan dai, ga shi ya zama ɗan aiken jinƙai.

Benedik ne ya mayar da wannan fahimta doka. A Monte Kasino ta Italiya, cikin ƙarni na 6, ya tsara wa sufayensa kowa da gadonsa, fitila na ci har safe. Su kwanta da tufafinsu don tashi da hanzari, amma su ajiye wuƙa kada ta yanke su cikin barci. Wannan kulawar tana burge ni. Lokacin sanyi su yi barci fiye da rabin dare, sannan su tashi sujada. Kafin kwanciya kuwa akwai addu'ar rufe yini mai Zabura uku da ba sa canzawa: ta 4, ta 91 da ta 134. Daga nan ba mai ƙara magana.

A 1549 Akbishop Toma Kiranma ya haɗa wannan addu'a da ta maraice cikin littafin addu'ar Cocin Ingila, ta fito daga gidan sufaye ta shiga bakin talakawa. Da gadon wannan littafi 'yan mishan suka iso har Wusasa.

Mai karatu, in tunani ya hana ka runtsawa daren nan, buɗe Zabura 4 ka karanta ta har ƙarshe, sannan ka kashe fitila ka kwanta.