Mubazzarin Da Allah Ya Karɓa

Jama'a, ku kasa kunne. A Tamanrasset, kusa da Outoul a ƙasar Buzaye, wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld ya zauna daga 1905. Da fari hafsan soja ne. Ya ɓarnatar da gadon kakansa wajen ciye-ciye da neman mata, har aka dakatar da shi daga aiki a 1881.

A 1886 ya shiga wata majami'a a Paris, ko bangaskiya ba shi da ita. Malamin bai nemi shaidar aikin kirki ba. Ya ce masa, durƙusa ka furta zunubanka. Ran nan Allah ya karɓe shi domin Yesu Almasihu, ba ciniki, ba awo.

Ya zauna cikin matalauta har aka kashe shi a 1916.